Mai Yanke Waya a Zauro

Da safiyar Talata aka sake samun wayar faiba a yanke kusa da Zauro. Sabis ya ɗauke a Argungu, har wata mai naƙuda ta sha wuya kafin a samo mata mota.

Sufeto Riskuwa ya leƙa ramin da wayar ke binne a ciki. An yanke wayar tsaf, a wurin da aka bar mata rara, an kuma naɗe bakinta da leda don kada laka ta shiga.

Ya fara da Dominic, mai sayen tsofaffin ƙarafa.

"Oga, zaren gilashi ne a ciki, ba tagulla. Wa zan sayar wa?"

Abdussamadu mai gonar wurin ya ɗaga fartanyarsa. "Ranka shi daɗe, wagga ai tsinkewa takai, ba ta yanka hakanga."

Sai Faruk, mai haɗa wayar idan ta yanke. Kamfani na zarginsa, har an ce za a kore shi. Amma ranar yana Augie kan wani aiki, abokan aikinsa sun shaida.

"Ina kake sauka in ka zo gyara?" in ji Riskuwa.

"Gidan Baba, nan Zauro. Shi kaɗai ne tun da Inna ta rasu."

"Ban da gyara, kana zuwa?"

Faruk ya sunkuyar da kai.

Riskuwa ya tarar da Malam Hodi, mahaifin Faruk, a tsakar gida, ba kowa sai akuya. Tsohon ya dafa shinkafa, ya ajiye kwano biyu.

"Baba, baƙo kake jira?"

"Faruku na nan tahe."

"Bai san an yanke ba sai da hantsi. Kai wa ya gaya maka? An ce ka yi aikin tarho da ƙuruciya. Ɓarawo ba ya barin wuri mai sauƙin haɗi, ba ya rufe waya da leda. Sai wanda ke tausayin mai gyara."

Tsohon ya dubi kwano na biyun.

"In na kira shi, sai shi ce aiki. Ni ko so nikai in gan shi, ko da yini guda. Matar nan ta haihu?"

"Ta haihu. Da ƙyar."

Ya tashi, ya kwance akuyar, ya miƙa wa maƙwabciya ta kan danga.

"Mu tai, ɗana. Amma ka bi da ni ta bakin ramin. Faruku na can."