Ɗakin Darma

A sabon ginin asibitinsu na birnin Makassar suka haɗu, kuma da faɗa aka fara. Tenri ma'aikaciyar jinya ta saka abincinta a wani firji, sai ga dogon saurayi ya taso a fusace.

"Malama, na allurar hoto ne wannan! Fitar da miyarki."

Arsyad ke nan, wanda aka ɗauko ya kafa na'urar da ke gano ciwon daji a jiki. An lulluɓe bangon ɗakunan na'urar da darma, saboda allurar tana fitar da wani haske mai illa idan ya yi yawa. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Mai miya, yi haƙuri. Na ji ƙamshin, na yi nadama."

To, daga nan fa zance ya yi nisa, har aka fara maganar aure.

Sai dai Inna, mahaifiyar Tenri, ta ce atafau. "Mai wuni cikin guba? Ba zai haihu ba, ni kuwa jikoki nake so." Ko gaisuwarsa daga bakin ƙofa take amsawa. Tenri ta yi kuka har ta gaji.

Ana gab da buɗe sashen hoton aka ga ƙari a wuyan Inna, ta zama cikin na farko da aka yi wa hoton. Bayan allura aka rufe ta a ɗaki ita kaɗai, aka hana ko Tenri zama kusa da ita. Tsoro ya kama Inna.

Muryar Arsyad ta fito ta lasifika. "Inna, ina ganinki ta gilashi, ba inda za ni. Kafin gobe hasken ya bar jikinki."

"Wato yau ni ake gudu?"

"Na yini ɗaya kawai, Inna. Ni kuma kullum a bayan bango nake, abin da ke taɓa ni bai kai ya kawo ba."

Kunya ta rufe ta.

Ƙarin bai bazu ba, aka cire shi lafiya. Ranar ɗaurin aure Inna ta riƙo hannun Arsyad gam a gaban dangi, idonta taf da hawaye.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Amma ka ji da kyau, biyar nake so."