Muryar Inna a Cikin Kwalla

A wani gari can, an yi wata malama mai ɗaukar waƙoƙin niƙa daga bakin tsofaffi, tana adanawa a kwamfuta. Kowace Juma'a kwamfutar kan kwafe komai cikin ɗan filashi. Malama takan jira ta gama, sannan ta ɓoye filashin a kwalla.

Wata Juma'a, bayan ta ɗauki waƙar wata tsohuwa, kwamfutar na cikin kwafewa, sai 'yar tsohuwar ta zo su tafi biki.

Ta ce, "Malama, taso, mota na jira."

Malama ta ce, "Sai ta gama."

"Yau ɗaya dai ki bari mana."

"Sai ta gama."

Matar ta yi fushi ta tafi.

Da damina ta yi ƙarfi, rufi ya yi yoyo, kwamfuta ta jiƙe ta mutu. Ba a jima ba tsohuwar ma ta rasu.

Malama ta buɗe kwalla ta ɗauko filashin, ta ari kwamfuta, ta tafi gidan makoki ta kunna. Sai ga muryar tsohuwa tana kiran 'yarta ta kawo mata dawa.

'Yar ta miƙe tsaye ta ce, "Na'am, Inna."