Saƙon da Ta Ɓoye wa Umma

A unguwar Ali Kazaure da ke Jos akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ummanta tela ce, ba ta yi boko ba. Duk saƙon da ya shigo wayarta, yarinyar ce ke karanta mata.

Bara suka yi rashin Anti Mariya, ƙanwar Umma. Sankarar bakin mahaifa ce ajalinta. An kai ta asibiti, ba ta dawo gida ba. Yarinyar ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Bayan rasuwar, Umma ta je asibiti aka duba ta. Ran nan tana kan keken ɗinki sai saƙo ya shigo.

Ta ce, "Zo ki karanta mini."

Yarinyar ta duba. Daga asibiti ne. An ce an ga wata alama, Umma ta koma ranar Alhamis. Yarinyar ta tuna da Anti Mariya. A ranta ta ce, "In Umma ta je, ita ma ba za ta dawo ba."

"Me suka ce?" in ji Umma.

"Sun ce lafiyarki ƙalau."

"Alhamdu lillahi!"

Yarinyar ta goge saƙon. Kai, yarinta! Wai ita ta ceci uwarta ke nan.

Alhamis ta wuce, wata guda ya wuce. Yarinyar ta daina wasa. Abinci ma sai an matsa mata. In Umma ta yi dariya, ita kuka ke zo mata.

Wata rana a makaranta, Malama Abigel tana koyar da kiwon lafiya. Ta ce, "Duk shekara mata fiye da dubu ɗari shida ke kamuwa da sankarar bakin mahaifa a duniya. Fiye da dubu ɗari uku na mutuwa."

Yarinyar ta ɗaga hannu. "Malama, asibiti ne ke kashe su?"

"A'a, 'yata. Yawanci makara ce. In an gano ta da wuri, ana warkewa."

Sai yarinyar ta kifa kai a benci tana kuka. Malama ta ja ta gefe, ta ji komai.

Ta ce, "Share hawayenki. Yau ɗin nan za ki gaya mata."

Yarinyar na isa gida ta durƙusa gaban keken Umma.

"Umma, ƙarya na yi miki. Cewa suka yi ki koma."

Keken ya tsaya. Umma ta juyo ta dube ta.

"Wata guda? Ni kika yi wa haka?"

"Tsoro nake ki tafi kamar Anti Mariya."

Hawaye suka zubo wa Umma. Ta jawo ta jikinta. "Antinki ɓoye ciwonta ta yi, har ya ci ƙarfinta. Ke kuma kika ɓoye mini nawa."

Washegari da safe suka tafi asibiti tare. Yarinyar ta zauna a waje tana jira. Can sai ga Umma ta fito da ƙafarta, nas na biye da ita.

Nas ɗin ta ce, "Allah ya sa ba a makara ba. Abin bai zama sankara ba, mun yi maganinsa."

Yarinyar ta ruga ta ƙanƙame Umma. Umma ta shafa kanta ta ce, "Ki riƙe wannan. In kina son mutum, ki gaya masa gaskiya ko da tana ba ki tsoro. Ɓoye ciwo ba ya korar ciwo."