Keken Da Shamsuddeen Ya Ɓoye

Jawahir ba ta shimfiɗa masa tabarma ba a ranar. Ta fito soron gidansu bayan la'asar, ba ruwa, ba turare, ta jingina da ƙofa ta naɗe hannuwa. Sai da Shamsuddeen ya yi sallama sau biyu kafin ta amsa a daƙile.

"Tun yaushe ka fara hawan keke?"

Murmushin da ya shigo da shi ya ɓace. "Jawahir ɗina... wa ya gaya miki?"

"Idona ne ya gaya mini."

Da safiyar nan ne, tana bayan ɗan kabu-kabu za ta makarantar firamaren da take koyarwa a bakin gari, wasu masu keken tsere suka wuce su a kan titin da ya nufi Nasko. Kowannensu da hular kwano da riga mai ƙyalli, ban da na ƙarshe. Shi hular saƙa ce a kansa, ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, yana haki, keken na ta lilo da shi. Wata motar gawayi ta zo ta gefensa a guje, iskarta ta kusa watsa shi cikin kwalbati. Jawahir ta buɗe baki za ta ce Allah ya shirya wannan bawan, sai ya waiwayo. Shamsuddeen ne, mutumin da aka sa ranar aurenta da shi bayan babbar sallah.

Ya fara ba ta haƙuri, yana cewa motsa jiki ne kawai, kuma bai daɗe da farawa ba. Keken ma na gwanjo ne, ya saya wurin wani Matthew a Sabon Gari, a shagonsa yake ajiye shi.

Wannan ajiyar ce ta ƙara tunzura ta. Ashe ya san abin da yake yi, tunda har ya nemi maɓoya.

"Ka san inda aka ɗauko Yaya Lukman," ta ce. "Kana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, Shamsu."

Ya sunkuyar da kai. Lukman wanta ne, kuma shi kaɗai ne ɗa namiji a ɗakinsu. Yana dawowa daga gona a kan kekensa wata tirela ta taɓa shi, kansa ya bugi kwalta. Tun daga lokacin mahaifiyarsu, Hajiya Saudatu, ko keken yara ba ta yarda a shigo mata da shi gida.

Jawahir ta juya ta shige ba tare da ta yi masa rakiya ba. Tana ɗaga labule ta tarar da Umma zaune bakin gado da carbi a hannu, amma ba ja take yi ba. Ashe labari ya riga ta isowa. Wata maƙwabciya ta shigo da hantsi, wai jaje ta zo yi, ta kwashe komai ta faɗa, har da yadda ake yi wa angon dariya a tasha.

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ta riga ta ba titi ɗa guda, ba za ta ba shi suruki ba, ba kuma za ta zauna tana kallon ’yarta cikin takaba da ƙuruciyarta ba. Ko ya rabu da keken nan, ko ta aika wa kawun Jawahir a mayar musu da kayan sa ranarsu.

"Umma, saboda keke?"

"Saboda keke na rasa ɗan'uwanki."

Jawahir ta saki labulen ta koma tsakar gida, don ba a mayar wa uwa irin wannan magana. Tana jin haushin Shamsu da ya ɓoye mata, tana jin haushin maƙwabciyar da ta mayar da aurenta abin hira, kuma can ƙasan zuciyarta, inda ba ta son dubawa, tana jin haushin Umma da ta ɗora rayuwarta a kan ma'auni ɗaya da ƙarfe mai taya biyu.

Washegari da aka tashi daga makaranta ba ta nufi gida ba. Ta yi ta tambaya a Sabon Gari har aka nuna mata shagon Matthew, wata ’yar rumfa da aka rataye tayoyi da sarƙoƙi a bakinta. Mutum ne dogo mai furfura a gemu, Hausarsa da ɗan karin harshen Kambari. Shi ne jagoran masu hawan keken.

Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta tambaye shi wane irin imani ne zai sa ya ja mutum mai shirin aure ya kai shi gaban manyan motoci da hular saƙa a ka.

Matthew ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya jawo mata benci. Ya ce ai shi ma abin na damunsa. Ya yi faɗa har ya gaji, ya ce wa Shamsu daga wannan makon ba zai ƙara binsu ba sai da hular kwano. Shamsu kullum sai ya ce a bari a gama haɗa lefe tukuna, wai sauran kayan duk ado ne.

"Da na hana shi tun farko, Malama," ya ce, "to amma tunda likita ne ya ce ya riƙa hawa..."

"Wane likita?"

Matthew ya dube ta, ya dubi ƙasa. Ya gane ya yi suɓul da baka. Ya ce ta yafe masa, ya zaci ta sani, sauran bayani kuma ba a bakinsa ya kamata ta ji ba.

Jawahir ta ɗago ta ce ya nuna mata abin da mai koyo yake bukata don ya fita ya dawo da ransa.

Ya fara sauko da kaya yana yi mata bayani. Ya ce komai za a iya saye na gwanjo ban da hular kwano, domin wadda ta taɓa buguwa tana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba. Ya ɗauko sabuwa, marar tsada, ya nuna mata yadda ake ɗaure igiyarta a haɓa har yatsa biyu kawai su iya shiga. Ya haɗa mata da fitila fara ta gaba da ja ta baya, irin waɗanda ake caji kamar waya, da riga mai ƙyalli wadda direba zai hango daga nesa. Sai ƙaramin famfo da faci da sholisho, saboda ƙayar hanya ba ta san sabon shiga ba, da gorar ruwa da safar hannu. Ta nuna wani takalmi mai sheƙi da ke rataye, ya girgiza kai ya ce wannan na masu gasa ne, kambas ɗin da Shamsu ke sawa ya ishe shi.

Ta biya daga albashinta, ta ɗauki ledar, ta tari ɗan kabu-kabu ta ce kasuwa.

Shamsuddeen na zaune a shagonsa na hatsi, tsakanin buhunan masara da dawa, inda yake wuni tun safe har yamma. Ba ta taɓa zuwa masa shago ba. Ya miƙe da sauri, ita kuwa ta dire ledar a kan buhu har hular ta mirgino.

"Me likita ya ce maka?"

Ya kalli maƙwabtansa da suka fara leƙe, ya roƙe ta ta shigo daga ciki. A can, da murya ƙasa-ƙasa, ya faɗa mata. Jiri ne ya ɗebe shi wata rana yana ɗaga buhu, aka kai shi asibiti, aka tarar jininsa ya hau sosai, suga ma ta fara leƙowa. An ba shi magani, an ce ya rage gishiri, ya rage ƙiba, ya riƙa motsa jiki. Ya gwada gudu, gwiwoyinsa suka kumbura, shi ne likitan ya ce ya koma keke. Mahaifinsa a wannan shagon ya faɗi, a kan wannan kujerar, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara magana ba har ya rasu.

"Na ji tsoro, masoyiyata. Na ce in aka ji a gidanku za a ce me za a yi da mai ciwo... Na so in samu sauƙi tukuna, sannan in gaya miki."

Ya zaci za ta yi kuka ta tausaya masa. Hawayen sun zo, amma ba na tausayi ba ne.

"Wato ni ka raina," ta ce. "Ka dube ni ka ga macen da za ta gudu don an ce kana shan magani. Kullum in ka zo zance ina soya maka nama da gishiri da magi, kana ci kana yaba mini, ashe cutar da kai nake yi da hannuna! Kuma ka hana kanka hula don ka cika mini akwati. In kanka ya fashe a titi, atamfar zan aura?"

Ya ce ta yafe masa, zai sayar da keken yau ɗin nan in hakan zai kwantar wa Umma da hankali.

"Ba za ka sayar ba. Gobe ka zo gida, ka faɗa mata da bakinka."

Ya zo da hantsi, ya durƙusa a tsakar gida, ya faɗi duk abin da ya faɗa wa Jawahir. Umma ta saurare shi har ya gama. Ta yi masa sannu, ta yi masa addu'ar samun lafiya, sannan ta ce maganarta tana nan, akwai wasu hanyoyin neman lafiya ban da titi.

Jawahir ba ta taɓa musa wa mahaifiyarta ba. Ta matso ta durƙusa a gabanta, ta kama gefen zanenta.

"Umma, ki gafarce ni. Yaya Lukman a titi ya rasu, gaskiya ne, ni ma ban daina mafarkinsa ba. Amma baban Shamsu a zaune ya faɗi, cikin inuwa, babu mota ko ɗaya kusa da shi. In kika raba shi da keken nan, kujerar za ki mayar da shi. In kuma kika raba ni da shi, zan bi umarninki... amma ba za ki cece ni daga komai ba."

Umma ta janye zanenta, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Umma na amsa gaisuwa, amma ba ta hira. Jawahir na girki, tana wanke-wanke, tana jiran ranar da za a aika wa Kawu. Shamsu ya yi ta kira ba ta ɗauka, saƙo ɗaya kawai ta tura masa, tana tambaya ko ya sha maganinsa. Ba ta huce ba, kuma ba ta so ya zaci ta huce.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Umma ta ce a kira mata shi. Da ya zo ta sa ya zauna a kan tabarma kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba. Idanunta sun kumbura. Ta ce ba zai fita ba sai gari ya waye sarai, ba zai fita shi kaɗai ba, kuma ranar da manyan motoci ke tururuwar kasuwa ya haƙura. Ya ce ya ji, ya ɗauka.

"Ban yafe wa titin nan ba," ta ce, "ba kuma zan taɓa son ganinka a kansa ba. Amma ba zan bar tsorona ya kwantar da ɗan wata ba. Allah ya tsare."

Shamsu ya kifa kansa yana share ido da hannun riga. Jawahir, da ke laɓe bayan labule, ta toshe bakinta da hijabi.

An ɗaura aure bayan babbar sallah kamar yadda aka sa. Ango ya ɗan faɗa, babbar rigarsa har ta yi masa yawa, abokansa na ta tsokanarsa wai amarya ce ta fara horar da shi tun kafin ta tare. Ba su yi ƙarya ba, don har ranar ba ta daina yi masa gorin abin da ya ɓoye mata ba.

Da yamma, da za a tafi da ita, aka kai ta ɗakin Umma sallama. Ta faɗa jikinta tana kuka. Umma ta yi mata nasihar da uwa ke yi, ta haƙuri da riƙon amana, sannan ta matso da bakinta kusa da kunnenta yadda ’yan rakiya ba za su ji ba.

"Duk safiyar da ya fita, in ya dawo ki kira wayata. Ba sai kin yi magana ba. Ƙara ɗaya ta ishe ni."

Tun daga lokacin, duk hantsin da Shamsuddeen ya turo ƙofar gida yana zufa, kafin ta amsa masa sallama, kafin ta miƙa masa ruwa, Jawahir kan ɗauki waya ta kira, ta bari ta yi ƙara sau ɗaya, ta kashe. A can gidansu kuwa, sai a lokacin Umma ke tashi daga kan sallaya ta karya kumallo.