Eriyar Gidan Malam Ummaru

Ranar da Sada ya fara shiga gidan Malam Ummaru a Maska, da jakar kayan aiki ya shiga, ba da niyyar zance ba. Barakatu, 'yar Malam Ummaru, ce ta kira shagonsu na haɗa intanet a Funtua. Tana karatun malanta ta intanet, yayanta ya aiko mata da kwamfutar tebur, amma wayarta ba ta iya riƙe darasi har ƙarshe. Ta fito ta nuna masa ɗakin, shi kuwa bawan Allah ya tsaya kallonta har sai da ta yi gyaran murya.

"Malam, kwamfutar tana can," ta ce, tana danne dariya.

Ya lissafa mata hanyoyin samun intanet da ba su buƙatar jan waya: ko ta ci gaba da haɗawa da wayarta, ko ƙaramin akwati mai layi da ake ajiyewa a taga, ko eriya a kan dogon ƙarfe bisa rufi, ta fuskanci Funtua. Ya zagaya ɗakin da akwatin a hannu, ya daɗe a tagar gabas yana duban fitilunsa, sannan ya jefa shi cikin jaka.

"Wannan ba zai yi maki ba. Sai dai eriya."

Ta yarda. Mai aiki ya faɗa, ita me ta sani?

Malam Ummaru manomin masara da auduga ne, kuma ya kafa doka: babu saurayin da zai tsaya masa a zaure sai Barakatu ta kammala karatu. To amma mai gyara ai ba saurayi ba ne. Damina ta kankama, duk iskar da ta kaɗa sai eriya ta karkace, sai ga Sada a kan babur. Inna Hansai, mahaifiyar Barakatu, har ta saba ajiye masa dafaffiyar masara. Daga gaisuwa aka koma hira ta taga, daga hira aka koma saƙo.

"Malamata, na hango hadari ta wajen Maska. Kowa na murna saboda gona, ni tawa murnar daban ce."

"Injiniyana, ka ji tsoron Allah, darasi gare ni gobe. Amma in ka zo akwai masara."

Ta ƙaunace shi, ƙauna irin wadda ba ta tsayawa bincike.

Ranar jarrabawar ƙarshe, wadda ake yi daga gida ana kallon ɗalibi ta kyamara, hadari ya taso da hantsi. Ta amsa rabin tambayoyi ke nan iska ta juya eriya, komai ya tsaya cak. Ta kira Sada, yana Dandume, ruwa ya cinye hanya. Ya iso sharkaf bayan an rufe jarrabawar. Makaranta ta ce sai baɗi.

Ya zauna a bakin zaure ya haɗa kai da gwiwa. Ita da ta yi asarar shekara guda, ita ce ta koma lallashinsa.

"Haba Injiniyana, ba laifinka ba ne. Ikon Allah ne."

Wannan maganar ce ta fi ci mata rai daga baya.

Mudi, ɗan ƙanwar Malam Ummaru mai sayar da taki a Dandume, ya daɗe yana sonta, kuma shi ɗan gida ne, doka ba ta hana shi shiga. Ya zo jaje, ya zaro wani ƙaramin akwati daga aljihu, irin na jakar Sada sak, ya ɗora a tagar gabas. Kafin ya gama shan ruwa kwamfuta ta buɗe, tana gudu yadda Barakatu ba ta taɓa gani ba.

"Wanda ya kafa maki ƙarfen can," in ji Mudi, "ko dai bai san aiki ba, ko kuma ya san abin da yake yi."

Ta tuna daɗewar Sada a wannan tagar.

Ta kira Sada zaure, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

"Sada, ranar farko, fitilu nawa suka kama a taga?"

Ya sunkuyar da kai. "Duka suka kama."

"To me ya sa ka ce mani ba zai yi ba?"

"In na ba ki shi, aiki ya ƙare ranar nan, ba ni da hanyar sake ganinki. Wallahi ban taɓa zaton…"

"Ka san iska na juya ta. Don haka ma ka zaɓe ta. Ina kuka ina ba ka haƙuri, kana zaune ka bar ni na ɗora wa Allah abin da ka kafa da hannunka. Ganina ka so, Sada, ba abin da nake nema ba."

Da kansa ya je gona ya samu Malam Ummaru ya faɗa masa komai. Tsohon ya dogara da fartanya ya dube shi.

"Na buɗe maka gidana a matsayin mai gyara. Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofata."

Washegari aka kawo wa Inna Hansai ƙunshi da ƙaramin akwatin nan a ciki, saƙon Sada ya shigo wayar Barakatu.

"Ki aje shi a tagar gabas. Ba ya karkacewa, ba zai buƙace ni ba. Ban cancanci in ce ki yafe mani ba. Allah ya ba ki sa'a."

Ta so ta jefa akwatin a rijiya, amma karatu ya fi ƙarfin fushi.

Shekarar ta yi mata tsawo. Mudi ya samu fili, har Malam Ummaru ya fara karkata gare shi. Sai dai Mudi bai iya ɓoye cikinsa ba, ya ce in an yi aure koyarwar me kuma, a sayar da kwamfutar a huta. Barakatu ta ce wa mahaifinta, "Baba, ai dokarka na nan, sai na gama." Akwatin kuwa bai taɓa tsayawa ba, kuma duk ranar da ya yi aiki lafiya sai ta ƙara jin haushin Sada, ta kuma ƙara kewarsa.

Jarrabawa ta zagayo, ruwa ya sake sauka, ta amsa har tambayar ƙarshe. Da ta fito, Inna Hansai ta ce, "Tun safe yaron nan yake rakuɓe a gindin dalbejiyar waje, da wani akwatin da batir a cikin leda, wai ko naki zai tsaya. Bai yi sallama ba. Na ce mashi kin gama, ya ce alhamdulillahi, ya hau babur."

Barakatu ta koma ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Sai da sakamako ya fito, ta nuna wa mahaifinta, suka yi doguwar magana, sannan ta ɗauki waya ta tura wa Sada saƙo.

"Akwai wani tsohon ƙarfe a kan rufinmu yana tsatsa. Ka zo ka sauke shi. Ka taho da magabatanka, yana da nauyi."

Bayan an cire auduga aka ɗaura aure. Malam Ummaru ya riƙe hannun Sada ya ce, "Ka taɓa zaɓar mata abu don kanka. Kada a kuma." Ya sa musu albarka, jama'a suka shafa.

A sabon gidansu na Funtua, Sada ya ɗauko akwatin zai nemi inda ya fi kamawa. Barakatu ta miƙa hannu.

"Kawo nan, Injiniyana. Na yafe maka, amma fitilun da idona zan gani."

Ya miƙa mata da hannu biyu, ya bi ta a baya daga taga zuwa taga. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.