Sunan da Sanƙira Bai Taɓa Ji Ba

Sanƙira ya yi ɗan gurnani irin na inji, ya watsa haske a bangon ɗakin gwaji, ya shiga jera kaya: hotuna goma sha biyu, taƙaitaccen tarihi, bidiyon minti ɗaya, sai sanarwa mai kanu ja wur. Dokta Tasalla ta gyara tabarau ta matso.

A Funtuwa ta shekarar 2091 gidajen jarida sun daina buɗe wasiƙar mutum, sai ƙunshin da Sanƙira ya ɗaure. Akan zuba masa duk maganar da bangon ɗakin aiki ya naɗa, shi kuma ya tace ya fitar da labari. Sunan da ya fita a ƙunshin farko shi Hukumar Ƙirƙira take rubutawa a matsayin mai abu, kuma ba a gogewa. Ƙunshin nan zai tashi da azahar.

Abin da za a tallata Matatsa ce, na'urar da ke tatso ruwan sha daga iska don benayen da famfo ya gaza hawa. Shekara tara Tasalla ta yi a kanta tare da 'yarta ta fari, Injiniya Suwaiba. In za a faɗi gaskiya, ragar da ke kama raɓar, wato zuciyar abin, Suwaiba ce ta ƙirƙiro ta.

"Dokta Tasalla da mataimakiyarta Injiniya Lantana," in ji Sanƙira. "Ranki ya daɗe, saura hoton Injiniya Lantana."

Lantana kuwa tana kan tebur tana lasar ƙafa. Mage ce!

Suwaiba ta yi dariya har da riƙe ciki. Tasalla ko murmushi.

"Kai, wane shashanci ne wannan? Ita wannan fa?" Ta nuna 'yar da haɓa.

"Cikin shekara tara kin kira Lantana sau dubu huɗu, galibi a gaban raga. Ita wannan ban taɓa jin sunanta a bakinki ba."

To ina zai ji? 'Yar fari ce, ga shi sunan surukar Tasalla aka sa mata. Shekara talatin da huɗu tana lallaɓawa da "ke" da "yarinyar nan". Digiri uku bai cire mata wannan kunyar ba, ita ma ba ta taɓa neman ya cire ba.

Ta jawo allon rubutu. Sanƙira ya ce a'a, saboda masu satar fasaha gyaran suna sai da muryar shugabar aiki.

"Mai sunan kakarta," ta ce.

"Babu wannan a rajista."

"Yayar Ɗahiru."

"Shi ma babu."

"Inna, ki bari," in ji Suwaiba. Dariyar ta tafi, tana ta goge sukurun da ba shi da datti. "A cire magen kawai, a bar naki. Ruwa dai za a sha."

Wannan maganar ce ta karya wa Tasalla zuciya. Ta tuna yatsun yarinyar nan da waya ta yanka sau ba adadi, da shekarar da ta yi goyo a baya tana ɗinkin raga. Wallahi duk duniya babu wanda take so kamarta, kuma ba ta taɓa faɗa ba.

Ladan ya fara gyara lasifika don kiran azahar. Tasalla ta juya wa 'yar baya, ta ja bakin mayafi, ta fuskanci injin.

"Suwaiba," ta ce, muryar na rawa. "Suwaiba ce ta yi. Tawa ce."

Sanƙira ya haska kore, ya gyara suna. Sai kuma ya sake jera ƙunshin, ya ɗora wannan muryar a can sama, ya tura Matatsa shafi na uku.

"Da wannan rawar murya gidajen jarida casa'in cikin ɗari za su zo," ya ce. "Ba tare da ita ba, da ƙyar a samu biyu. Ruwa ba ya jan masu kallo."

Tasalla ta runtse ido. Shekara tara tana mafarkin ranar da kyamarori za su cika ɗakin nan. "A bar ta," ta ce, "in dai za su zo."

Suwaiba ta matso, ido jajir. Yanzu sunanta na cikin rajista, tana da ikon gyara. Ta ciro muryar daga ƙunshin, ta tura ta cikin 'yar na'urar kunnenta, ta danna a aika.

Washegari mutum ɗaya ya zo, wani dattijo daga rediyon manoma, shi ma a makare. Ya sha kofi biyu na ruwan Matatsa, ya ce a ƙara masa. Kujeru talatin da tara da aka jera, Lantana ce ta yi ta zaɓen wadda za ta kwanta a kai.

Da ya tafi, Tasalla ta hango 'yar a gindin taga, yatsa a kunne, tana dannawa tana sake dannawa.

"Ke! Me kike ta saurare tun safe?"

"Aiki ne, Inna."

Tasalla ta yi tsaki, ta shiga naɗe kujeru. Ba ta ce a goge ba.