A Ba Ni Yawun Ɗana

"Ki ba ni yawun ɗana!"

Rahama ta ɗago daga kan kwamfuta. Hajiya Ya Gana ce tsaye a ƙofar ofis, ko sallama babu. A bayanta ga ɗanta Sha'aban, angon Rahama da ake jira bayan sallah, kai a ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabta.

"Hajiya, sannu da zuwa, ga kujera..."

"Ba zama ya kawo ni ba! Maikuɗi ya faɗa min komai. Kin sa ya tofa yawu a kwalba, kin ɗura a wannan akwatin, kin mallake min shi!"

Maikuɗi! Mai shagon wayoyin nan da ya yi ta zarya a gidansu Rahama ta ce ba ta yi. Ashe ta nan ya ɓullo.

Ku ji fa, jama'a! Yarinyar da duk ƙasar Katagum ba a haifi irinta ba. Ita ta fara sa kwamfuta a yankin nan ta karanta gadon da ke bin jini daga kaka zuwa jika. Turawa suka roƙe ta ta zauna, ta ƙi. Ta dawo Azare tana bin gidaje daga Gololo har Disina tana karɓar yawu, don ta gano abin da ya sa ciwon ƙoda yake cin wasu dangi. Mu da ciwon ya kayar muka miƙe, mu muka san darajarta. Ita ce yau aka mayar boka!

Rahama ta dubi Sha'aban.

"Kai ma ka yarda?"

"Rahamata... sanyin idona... ki yi haƙuri, Hajiya ce..."

"Riƙe sanyin idonka! Da ƙafarka ka zo ka ce a fara da kai. Yau kuma bakinka ya mutu?"

Ta buɗe firji, ta zaro 'yar kwalba, ta dire a tebur.

"Ga shi, Hajiya. A aiko a kwashe har da lefen. Sunana ya fi min aure!"

Sai a nan Sha'aban ya tuna shi namiji ne. Ya zube gaban uwarsa.

"Hajiya, ni na kawo kaina. Baba ya tafi da kumburin ƙafa kina gani. Yaya Babakura ga shi can ana wanke masa jini. Saura wa? Ni, ko 'ya'yan da zan haifa? Kuma wallahi tun ban tofa ba nake son ta!"

 Ya Gana ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu, ta zauna.

"Ke yarinya. Akwatin nan zai warkar min da Babakura?"

"A'a."

"A'a?"

"Ba zai warkar da shi ba, Hajiya. In gado ne, sai dai mu gane shi da wuri a jikin jikokinki, tun bai yi ƙarfi ba. Shi ma sai Allah ya yarda."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta.

"Babu inda ban kai yaron nan ba. Kowa na je wurinsa, cewa yake zai warke kafin wata ya mutu. Da ke irinsu ce, da e kika ce min." Ta share ido da bakin mayafi. "Yawun gidan uba kaɗai kike nema?"

"Rabin Sha'aban daga gare ki yake."

"To miƙo sabuwar kwalba."

Ta yi bismilla, ta tofa.

"Wannan na aikinki ne."

Ta jawo tafin hannun Rahama, ta karanta addu'a, ta tofa a ciki.

"Wannan kuma na ɗakinki. Ki yafe min, 'yata."

Rahama ta durƙusa, hawaye ya ƙwace mata. Amma Sha'aban sai da ya sha zarya har takalmi ya suɗe kafin ta sake yi masa murmushi, kuma daidai ke nan!

Ranar ɗaurin aure Maikuɗi ya rufe shago, wai zazzaɓi. Amarya ba ta manta da shi ba. Ta aika masa goro da kwalba babu komai a ciki, ta ce tunda bakinsa ba ya zama, ya tofa abin da zai amfani jama'a.